Ja a allon DNSMON: sabar ce ta faɗi ko hanya ce ta toshe?

[Hoto: allo mai layuka kore, tsakiyarsa ja]

Irin wannan hoton na DNSMON, allon da ke nuna ko sabobi (kwamfutocin da ke amsa tambayoyi a intanet) suna amsawa, shi ne ke yawo duk lokacin da intanet ta yi tangarɗa. Wani ya ɗauko shi, ya zagaye jan da alkalami, ya rubuta a ƙasa: sabar lambobin waya ta mutu. Ku ɗan dakata kafin ku tura wa wani. Allon gaskiya yake faɗa, karatunsa ne ake yi a gurguje.

Bari mu bi tushen da sauri, mu fara da abin da ake nufi da sabar lambobin waya.

[Hoto: lamba tana juyawa, ɗigo yana shiga tsakani]

Akwai wani tsari da ake kira ENUM, wanda aka fara wallafa ƙa'idarsa a shekarar 2000. Aikinsa shi ne mayar da lambar waya ta zama sunan da intanet ke ganewa. Ga wata lambar Landan: +44 20 7946 0148. Kada ku wahalar da kanku da kira, tana cikin lambobin da hukumar sadarwa ta Birtaniya ta ware wa masu shirya wasan kwaikwayo. A cire alamar tarawa, a karanto lambar daga ƙarshe zuwa farko, a sa ɗigo bayan kowane alƙalumi, a liƙa e164.arpa a wutsiya. Sai ta koma 8.4.1.0.6.4.9.7.0.2.4.4.e164.arpa. Kowace lambar Najeriya, idan aka juya ta haka, da 4.3.2 za ta ƙare kafin wutsiyar. Ta Nijar kuma da 7.2.2.

Wannan sunan ake miƙa wa sabobin DNS, wato masu fassara sunayen intanet zuwa adireshi, su kuma su amsa da adireshin da za a kai kiran ta intanet. Kan tsarin, wato e164.arpa ɗin kansa, yana hannun cibiyar RIPE NCC da ke Amsterdam, kuma ba ta miƙa wa wata ƙasa reshenta sai da amincewar hukumar sadarwa ta duniya, ITU. Ostiriya ce ta fara buɗe shi ga jama'a a matsayin kasuwanci a 2004, Jamus ta biyo a 2006. A ganina, abin bai taɓa karɓuwa wurin talakawan masu waya yadda aka yi zato ba. Kamfanonin sadarwa ne suka fi morar dabarar, a rufe, tsakaninsu.

To, yanzu ga inda ake yin tuntuɓe.

[Hoto: taswirar duniya, ɗigo-ɗigo suna kunnuwa]

DNSMON, wato allon da kuka gani, ba ya zaune a cikin sabar yana jin bugun zuciyarta. Daga waje yake tambaya. RIPE NCC tana da na'urorin awo a ƙasashe da dama, ƙarƙashin shirin RIPE Atlas da aka fara a 2010. Kowace na'ura tana aika wa sabar 'yar gajeriyar tambaya a kai a kai, ta jira. Amsa ta zo, a sa kore, a kuma rubuta tsawon lokacin da ta ɗauka. Ba ta zo ba, launi ya fara karkata zuwa ja.

Ku lura da kyau: ja yana nufin amsa ba ta iso wurin mai tambaya ba. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Kamar ka aiki yara goma ne daga unguwanni goma su dubo maka ko wani shago a Kantin Kwari yana buɗe. Takwas suka dawo suka ce a buɗe yake, har sun gaisa da mai shi. Biyu suka ce ba su isa ba. Ashe su biyun gada ɗaya suka bi, gadar kuma a rufe take. Wa zai ce shago ya rushe?

[Hoto: linzami ya danna layi ɗaya, allo ya buɗe]

Saboda haka ku danna. A allon farko, kowane layi sabar ɗaya ce, lokaci kuma yana tafiya daga hagu zuwa dama. Idan kun shiga cikin sabar guda, sai layukan su koma na na'urorin awon, kowace da nata. A nan ake rarrabewa. Ja da ya kwanta a layi ɗaya ko biyu, sauran duk kore, matsalar tana kusa da masu tambayar ne ko a hanyarsu. Ja da ya miƙe tsaye, ya ratsa dukkan layuka a lokaci guda, to wannan kam a tashi mai kula da sabar ko da tsakar dare ne.

Mun ga nau'in farko a nan gida. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ciki har da MainOne da WACS da SAT-3 da ACE. Daga wurinmu duniya ce ta ɗauke, alhali sabobin Turai ko atishawa ba su yi ba. Nau'i na biyu kuwa, ku tuna 4 ga Oktoba 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace kusan awa shida. Hanyoyin da ke kaiwa ga sabobin DNS na kamfanin ne aka janye daga nasu ɓangaren, saboda haka daga ko'ina ka tambaya, shiru.

[Hoto: a bar allon yana gudana, babu sabon hoto]

Nan hotuna sun ɗan ƙare mini, sai ku yi haƙuri da muryata.

Ko sabar ɗaya ta faɗi da gaske, kira ba lallai ya tsaya ba. Kowane reshe yana da sabobi fiye da ɗaya, kuma mai neman amsa yana tsallakawa zuwa ta gaba. Sai dai tsallakawar tana cin lokaci, kuma a harkar waya lokaci ne komai: mutum ya kara waya a kunne, yana jiran ta fara ƙara. Shi ya sa nake ganin allon jinkiri, mai nuna tsawon lokacin da amsa ta ɗauka, ya fi allon ja da kore amfani ga ENUM, amma shi ba ya jan ido, ba mai yaɗa shi.

Kore ma yana iya ruɗar mutum. Sabar na iya amsawa cikin hanzari, amma da tsohon bayani. Kowane kwafin bayanan reshe yana ɗauke da lambar bugu da ke ƙaruwa idan an yi gyara, don haka masu sa ido sukan kwatanta ta tsakanin sabobin, su ga wadda aka bari a baya. Haka kuma ana gwada tsarin adireshin intanet guda biyu, IPv4 daban, IPv6 daban, domin ɗaya na iya aiki ɗayan yana kwance.

[Hoto: taswira, a matso kan Afirka ta Yamma]

Sai ku dubi inda ɗigon suka taru. Turai cunkus, nahiyarmu jefi-jefi. Allon zai iya zama kore shar alhali mai tambaya daga Kano ko Maraɗi yana shan wuya, don kawai ba a ajiye mai awo kusa da shi ba. RIPE Atlas tana karɓar masu sa kai, har da manhajar awo da ake ɗorawa a kan ƙaramar kwamfuta. Jami'a ko kamfanin intanet da ke da tsayayyen layi da wuta zai iya neman shiga.