Babbar Motarka Tana Shan Mai? Kafin a Kwance Nozul, Duba Waɗannan

Assalamu alaikum direbobi da masu motoci. Mota ce da a da tanki ɗaya ke kai ka inda za ka, yanzu sai ka ƙara mai a hanya. Lodi bai canza ba, hanyar ita ce dai, amma da an zo hawa sai ta riƙa nishi. Yawancinmu gareji muke garzayawa mu ce a kwance nozul (bakin da ke fesa mai cikin inji) da famfon mai. Ɗan'uwa, dakata tukuna. Yana damuna ƙwarai in ga an kwance lafiyayyen famfo alhali ciwon yana wani wuri.

Fara da awo. Cika tanki fal, rubuta lambar kilomita, yi tafiyarka, sannan ka sake cikawa. Raba kilomitan da ka ci da litar da ta shiga. Yi haka sau 3 da lodi iri ɗaya, ka samu lambar da za ka riƙa gwadawa da ita bayan kowane gyara. Kana nan ma ka leƙa ƙarƙashin tanki da tiyoyin mai, domin wani man ba ƙonewa yake ba, ɗiga yake a ƙasa.

Yanzu zagaya baya, yaron mota ya taka totur, kai ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, ko dai ringi ya ci ko tobo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji) yana yoyo. Fari wanda bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ga kuma ruwan lagireto yana raguwa, zargi gaskit. Amma wanda ya fi shafar shan mai shi ne baƙin hayaƙi, kuma a nan ne ake yawan kuskure.

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi. Fistan ne ke matse iska har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Ashe ke nan in iska ta yi kaɗan, man ba zai ƙone duka ba, sai ya fita baƙi ƙirin. Kai kuma da ka ji ba ƙarfi sai ka ƙara taka totur, man ya ƙara tafiya a banza. Don haka ciro filtar iska ka duba. In ta toshe da ƙura, canza ta, kada ka buga ta da ƙasa, takardar cikinta yagewa take yi ƙura ta wuce cikin inji. Daga nan bi tiyon da ya taso daga tobo zuwa inji. Kilif ɗaya da ya saki, ko 'yar tsaga da ba ka gani sai an ɗauki kaya, ta isa ta zubar da iskar da tobo ya tara. Alamarta ƙara mai kama da fito lokacin hawa, da danshin baƙin mai a bakin mahaɗa.

Sai zafin inji. Ana so ya zauna wajen digiri 80 zuwa 95. Wasu suna cire tamostat (abin da ke daidaita zafin inji) wai don kada mota ta yi zafi. Ina roƙonka kada ka yarda da wannan: injin da bai kai zafinsa ba ba ya ƙone mai sosai, kuma yana saurin cin ringi.

Wani lokaci injin lafiyarsa ƙalau, riƙe shi ake yi. Bayan tafiya, kusanta hannunka da kowace ƙafa ba tare da ka taɓa ba. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta yana kamawa ko boris ya lalace. Auna iskar tayoyi da geji da safe kafin su yi zafi, har da na ciki da ake mantawa. Barin mota a silo kuwa, babban inji yana shan kusan lita 3 a awa ɗaya yana tsaye.

In duk waɗannan sun fita, ka canza filtar mai, ka tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasanta, amma lambarka ba ta gyaru ba, to yanzu an zo kan nozul. Motar zamani a jona mata kwamfuta a karanta abin da ta adana, tsohuwa kuma a kai nozul kan injin gwaji a ga yadda yake feshi. Kada ka taɓa neman yoyo da hannu inji yana aiki, matsin mai a sabbin injina yana kai bar 2,000 a ma'aunin matsi, yana iya huda fata. Kuma ka ce wa makanike ya gyara abu ɗaya, ka sake cika tanki ka auna, kafin a taɓa na gaba.