Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi na Jihar Kano, daga Kwamitin Iyaye, Malamai da Tsofaffin Ɗalibai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.

Mai girma Kwamishina da 'yan tawagarsa, mai girma Hakimi, iyayenmu masu unguwanni da limamai, shugaban makaranta da malamansa, iyaye maza da mata, 'ya'yanmu ɗalibai, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Ranka ya daɗe, zuwa da kai ya fi saƙo. Ba sai mun gabatar da kai ba, aikinka ya riga ka isowa. Tun da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 muke ganin alamun cewa an ɗauki maganar da gaske, kuma mun san kana cikin masu hana idonsu barci a kanta. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Kafin mu shiga tarihi, bari mu fara da abin da ya fi damun mu: muna roƙon a turo mana malaman harshe, na Turanci da na Hausa, kafin zangon karatu mai zuwa ya kama. Sauran abin da za ka ji a jawabin nan duk bayanin wannan roƙo ne.

Kano garin alƙalami ce tun kafin a san boko. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Maghili ya sauka a birnin nan ya rubuta wa Sarki nasiha kan yadda ake riƙe jama'a. Malaman Madabo sun yi ta karantarwa ƙarni bayan ƙarni. Fataken Kasuwar Kurmi da ajami suke aika wasiƙa, da shi suke rubuta bashi. Da boko ya zo ƙasar Hausa ma, nan na cikin wuraren da ya fara kafa ƙafa: a 1909 Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, a 1934 aka buɗe makarantar koyon shari'a wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ga Jami'ar Bayero da ta tsaya da ƙafarta a 1977. Ita kanta wannan makaranta tamu, iyayenmu ne suka ba da filinta, kuma ta yaye alƙalai, likitoci, 'yan jarida da malaman jami'a. Wasunsu ga su nan zaune a gabanka. Abin da ke ci mana rai shi ne, a garin da ke da irin wannan gado, a ce yau ɗan aji shida na sakandare ya kasa haɗa sakin layi ɗaya mai ma'ana.

Yaranmu ba daƙiƙai ba ne, ranka ya daɗe. Ka shiga ajin Bayoloji ka tambayi yarinya yadda tsiro ke haɗa abincinsa, za ta faɗa maka da baki tiryan-tiryan, hasken rana da ruwa da iska, ba ta bar komai ba. Miƙa mata biro ka ce ta rubuta, sai ta yi layi ɗaya da rabi ta tsaya tana tauna murfin biron. Ba ta taɓa rubuta tunaninta ba. Abin da aka saba mata shi ne monita ya cika allo da not, su kwafa, a kaɗa ƙararrawa. Shekara shida hannu na motsi, amma ba a taɓa ce mata "bayyana da kalmominki" ba.

Ita kuwa jarrabawa ba ta san wannan uzuri ba. A takardar Turanci ta WAEC ana son insha'i na kimanin kalmomi 450, ga auna fahimta, ga taƙaitawa. Maki 50 ne a kan insha'in: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. A wannan goman na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki yake ci, wato kuskure 20 na aya da waƙafi da harafi sun cinye shi ƙaf. Kuma ba a Turanci kaɗai ake rubutu ba. Tarihi, Gwamnati, Tattalin Arziki, Addinin Musulunci, Kimistiri, kowanne yana da ɓangaren da za a ce "bayyana", "kwatanta", "kawo dalilai". Yaron da bai saba ba zai sha kashi a kwalifayin, wato jarrabawar tantancewa ta jiha, tun yana aji biyar, ya rasa damar gwamnati ta biya masa kuɗin NECO, uban da ke sayar da kayan miya a Kasuwar Rimi ya shiga neman rance. In ya tsallake wannan, ga sharaɗin kiredit biyar har da Turanci yana jiran sa a ƙofar jami'a. A nan ne satar amsa ke samun kasuwa, domin wanda ba zai iya rubuta nasa ba, na wani zai nema.

Ganin haka ne malamanmu suka zauna suka ce rubutu ba zai ci gaba da zama nauyin malamin Turanci shi kaɗai ba. Aka tsara kowane malami ya ware mintunan ƙarshe na darasinsa, yara su rufe littafi su rubuta abin da suka fahimta. Malamin Lissafi ya sa su bayyana da jimloli yadda suka kai ga amsa. Malamin Kimistiri ya karɓi rahoton gwaji a rubuce: me aka zuba, me aka gani, me hakan ke nufi. Malamin Labarin Ƙasa ya ce a rubuta masa dalilin da ya sa Kwarin Jakara ke ambaliya da damina, kuma mun ga takardun, yaran da ba sa buɗe baki a aji sun cika shafi, domin abu ne da suke gani a ƙofar gidajensu. Mun ga amfanin barin yaro ya fara tsara tunaninsa da Hausa kafin ya rubuta da Turanci. Wanda ya iya jera hujja a harshen uwarsa, rabin aikin ya ƙare.

Amma tsarin nan a wuyan malaman harshe yake rataye. Su ne ke zama da malamin Fiziks su nuna masa abin da zai duba a rubutun yaro ba tare da ya kwana yana jan biro ba. Su ne ke haɗa ma'aunin gyara guda ɗaya domin kada wannan ya ce daidai, wancan ya ce kuskure. Ana tsakiyar haka aka yi wa mafi yawansu canjin wurin aiki, ba a kawo madadinsu ba. Mun rubuta, mun bi sawu, mun sake rubutawa. Ba za mu kama suna ba, amma har yau shiru. Waɗanda suka rage suna ɗaukar tulin littattafai a buhu zuwa gida, azuzuwa kuma cike maƙil har wasu yaran a ƙasa suke zama. Insha'in da aka karɓa a farkon zango, sai ƙarshensa yaro ke ganin gyaransa, in ma ya gani.

Muna da wasu buƙatun: bita ga malaman sauran darussa kan koyar da rubutu, littattafan rubutu ga marayu da marasa ƙarfi, da gyaran rufin laburare da ke yoyo. Tsofaffin ɗalibai sun ɗauki alkawarin kujeru, iyaye kuma za su ci gaba da sayen alli. In dai abu ɗaya za a yi mana, to a turo malaman nan. Ɗakin malamai na nan, jadawali a shirye yake, 'yan aji biyar kuma kwalifayin na tafe, ba za ta jira su ba.

Mun haɗa takardar roƙon da wannan jawabi, shugaban kwamiti zai miƙa maka ita hannu da hannu, muna fatan ta samu sa hannunka kafin a koma hutu. Allah ya ja zamanin Gwamna, ya taimaki Sarki, ya mayar da kai gida lafiya kai da tawagarka.

Wassalamu alaikum.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiyar Iyaye da Malamai
Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai
Sakataren Kwamiti