Kafin Ka Rubuta Kalma Ɗaya

Assalamu alaikum, jama'a. Kwanakin nan duk inda ka leƙa a TikTok da Facebook zancen ɗaya ne: koyi rubutu a intanet ka ci dala. Wasu na cewa ChatGPT, manhajar nan da ke yi maka rubutu idan ka umarce ta, ya kashe sana'ar tun fitowarsa a Nuwamban 2022. Wasu kuma sun ɗauka kwafowa ne kawai a liƙa. Dukansu sun tsallake mataki guda, wato hira da mai aikin kafin ka fara rubutu, kuma a kansa za mu zauna yau.

Mu wuce sauran da sauri. Marubuci mai zaman kansa ba ma'aikacin kowa ba ne. Ɗan kasuwa ko kamfani ya ba shi aikin rubuta talla, bayanin kaya ko maƙalar shafi, ya biya, a rabu lafiya. Da yawa daga aikin jarida, koyarwa ko gidan rediyo suka shigo. Ga kasuwar nan kuna gani: Fiverr, shafin da ke haɗa masu ba da aiki da masu yi, wanda aka kafa a 2010, yana cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin aikinka. Ga Upwork irinsa, ga kuma Payoneer na karɓar kuɗi. Buɗe asusu ba shi ne wahalar ba.

[A allo: saƙo ya shigo waya]

Mu ƙaddara mai sayar da kayan sola a Kano ya turo: "Malam, ina son kalma 800 a kan sola." Sabon shiga nan take zai buɗe kwamfuta ya fara da cewa rana ni'ima ce, wutar lantarki kuma ta yi ƙaranci. Gaskiya ne, amma wa bai sani ba? Mai zaune cikin duhu yana fifita da kwali bai buƙatar a ba shi labarin ɗauke wuta.

Gogagge ba ya taɓa madanni tukuna. Waya yake ɗauka. "Alhaji, wa zai karanta wannan?" Domin mai sayar da ƙanƙara da zoɓo da take son firjinta ya kwana yana aiki daban, mai ƙaramin asibiti daban. "Idan ya gama karantawa, me kake so ya yi, ya kira ka ko ya zo shago?" Sai tambayar da ni a ganina ta fi kowacce tsada: "Wace tambaya masu saye suka fi yi maka?" Nan Alhaji zai saki baki. Zai ɗauki firji? Batirin shekara nawa yake yi? Me ya sa na lithium ya fi na ruwa tsada? Idan damina ta zo fa, hadari ya rufe rana? To ga maƙalarka nan, kowace tambaya kanun sashe guda.

Tela ba ya sa almakashi a shadda sai ya yi awo. Wannan hirar ita ce awon. Na'ura za ta iya zuba maka kalma 800 cikin ƙiftawar ido, amma ba ta zauna a shagon Alhaji ta ji abin da ke hana mutane ciro kuɗi ba. Ko Google, a Maris ɗin 2024, ya tsaurara doka kan shafukan da ake cika su da rubutu barkatai don kawai su hau saman bincike, mutum ne ya rubuta ko na'ura.

[A allo: rubutu, gyara, turawa]

Sauran kuna gani. Ka rubuta, ka karanta da ƙarfi don kunnenka ya kama inda harshe ke sarƙewa, ka tabbatar da kowane farashi da adadi a wurin mai kaya. Kuma a wannan kiran na farko ku yanke magana a rubuce: nawa ne, yaushe za a miƙa, sau nawa za a dawo maka da shi gyara kafin a ƙara kuɗi.