Atisayen ciki kafin kokawa: a farkar da tsoka ko a gajiyar da ita?

Assalamu alaikum, masu kallo. Hotuna irin waɗannan da kuke gani sun cika wayoyinmu: ɗalibai sun kwanta rigingine a jere kan katifar atisaye, kowa da mai danne masa idon sawu, mai horarwa yana tsaye yana ƙirga musu kwanta-tashi har ɗari, alhali ko kama juna ba su fara ba. Duk inda aka nuna irin wannan sai gardama ta kaure. Wasu su ce da haka ake gina ɗan kokawa, wasu kuma su ce ɓata lokaci ne, tunda ba a taɓa kayar da mutum da kwanta-tashi ba. A ganina atisayen ciki yana da gurbi babba wajen ɗumama jiki, ko a judo, ko a jiu-jitsu na Burazil, ko a kokawarmu ta gargajiya, sai dai akasarin masu yin sa sun ɗauki aikin ciki a baibai.

Manufar ɗumama jiki sananniya ce, ba za mu daɗe a kanta ba. Ana so jini ya zagaya, gaɓoɓi su saki, numfashi ya ɗan ɗaga, cikin minti 10 zuwa 15. Sassarfa, juya kafaɗu da ƙugu, birgima gaba da baya, duk ga su nan kuna gani.

Yanzu ku dubi wannan zane. Tsokar da kowa ya sani ita ce ta gaba, wadda ta sauko daga haƙarƙari zuwa mara, mai fitowa gida-gida a jikin wanda ba shi da teɓa. A gefe akwai wasu shimfiɗu biyu da zarensu ya gitta juna kamar saƙar tabarma, a ƙarƙashinsu kuma akwai wata mai zurfi da ta zagaye ciki kamar ɗamara. Daga sama, shamakin numfashi da ya raba ƙirji da ciki ya rufe su kamar murfi, daga baya kuma tsokokin gadon baya suna riƙe. Kwanta-tashi ta fi taɓa ta gaban nan kaɗai, kuma idan an danne ƙafafu, kaso mai yawa na aikin yana komawa kan tsokar da ta taso daga ƙashin kwankwaso zuwa cinya, wadda ba ta ciki ba ce ma.

A nan ne nake so mu dakata, domin nan ne kuskuren yake. Babban aikin waɗannan tsokoki a lokacin karawa shi ne su hana gangar jiki lanƙwashewa da murɗewa sa'ad da wani yake ƙoƙarin lanƙwasa ta, kuma su isar da ƙarfin da ƙafafu da ƙugu suka samar zuwa kafaɗu da hannuwa ba tare da ya zube a hanya ba. Ku lura da wannan ɗan dako da zai ɗaga buhun masara. Kafin ya cicciɓa, sai ya ja numfashi, cikinsa ya ƙanƙame ya cika ta kowane gefe, bayansa ya miƙe, sannan ƙafafunsa su tura. Bai naɗe cikinsa ko sau ɗaya ba, amma da cikin ya saki da buhun bai kai kafaɗa ba. Wanda ya tura dutse da taɓarya, dutsen zai motsa. Wanda ya tura shi da igiya, igiyar ce za ta tanƙwashe. Ɗan kokawar da cikinsa ya saki ya zama igiya tsakanin ƙafafunsa da hannuwansa, komai ƙarfin damtsensa.

Ga abin nan a kan katifa, mun rage saurin hoton. Wannan kayen ɗora mutum a ƙugu ne, wanda 'yan judo ke kira o-goshi. Ku sa ido kan tsakiyar jikin mai kayarwa a daidai lokacin da ya juya ya shiga ƙarƙashin abokin karawarsa: ƙugu da ƙirji suna juyawa tare, kamar abu guda. Sannan ku dubi wanda ake ƙoƙarin kayarwa a karo na biyu, da ya ƙi faɗuwa. Ya sauke ƙugunsa, ya daure ciki, an fizge shi amma ƙirjinsa bai bar saman ƙugunsa ba. Duk wanda ya taɓa kallon gasar kokawar gargajiya ta cin takobi a Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, ya ga irin wannan tsayuwa: maza biyu sun sunkuya, goshi kusa da goshi, ana ja ana turawa minti bayan minti, kuma wanda tsakiyarsa ta fara saki shi ne ke shan ƙasa.

Idan haka aikin yake, to me kwanta-tashi ɗari za ta yi wa ɗalibi minti biyar kafin ya kama abokinsa? Za ta gajiyar da tsokar da ya fi bukata a daidai lokacin da ya fi bukatarta. Na taɓa tsayawa a gefen wani aji ina kallon wani yaro mai himma ƙwarai, wanda ya riga kowa cika ƙirgen da aka sa musu, jijiyoyin wuyansa a tashe, hannuwansa suna fizgar ƙeyarsa. Da aka shiga karawar ƙasa aka danne shi, ya kafa diddige zai ɗaga ƙugu, ƙugun ya ɗago bai fi taƙi guda ba ya koma, cikinsa yana rawa. A judo, wanda aka danne da baya na daƙiƙa 20 ya sha kaye ke nan. Yaron ya san dabarar kuɓuta sarai, amma ya riga ya kashe ƙarfin yin ta tun wajen ɗumama jiki, kuma abin ya dame ni domin laifin tsarin ajin ne.

Akwai kuma batun ƙashin baya. Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda ƙashin baya ke ɗaukar nauyi, ya auna cewa kwanta-tashi irin ta gargajiya tana matse ƙasan baya da ƙarfin da ya kai kimanin niyutan 3,300, wato kusan nauyin buhun siminti bakwai. Sau ɗaya ko goma ba za su lahanta lafiyayyen mutum ba, amma ɗan kokawa dama wasansa cike yake da sunkuyo da naɗewa, don haka ƙara masa ɗaruruwan naɗewa kowane mako kafin wasan ba hikima ba ce. Ko sojojin ƙasa na Amurka sun cire kwanta-tashi daga gwajin ƙarfin jikinsu, yanzu tokare jiki a miƙe kamar katako suke aunawa.

To yaya ake farkar da ciki ba tare da an gajiyar da shi ba? Ku gwada tare da ni yanzu. Ku sa yatsu a gefen ciki, tsakanin haƙarƙari da ƙashin ƙugu, ku ɗauka wani zai kai muku naushi a cibiya. Za ku ji naman ya taurara ya turo yatsunku waje. Ba a shanye ciki zuwa baya kamar mai son ɓoye tumbi, ƙanƙame shi ake yi ta ko'ina. Mataki na biyu shi ne mai wuya: ku riƙe wannan taurin, ku ci gaba da numfashi, har ku iya ƙirgawa daga ɗaya zuwa goma da murya. Sabon ɗalibi yana daure ciki ne ta hanyar riƙe numfashi, shi ya sa kafin a kai rabin karawar judo ta minti 4 yake haki kamar wanda ya yi gudun nesa. Matar da ta ɗauko tulu a ka daga rijiya tana tafiya tana hira da abokiyarta ta riga ta iya abin da muke koya wa wannan ɗalibi.

Sauran kuwa hoto zai nuna muku. Ga tsere wa danniya ta hanyar zame ƙugu gefe, wanda Japanawa ke kira ebi, wato jatan lande, saboda yadda jiki ke lanƙwashewa; a yi shi tsawon katifa sau biyu. Ga gada, a kafa diddige kusa da ɗuwawu a ɗaga ƙugu a juya kan kafaɗa ɗaya. Ga tokarawa a gefe kan gwiwar hannu, daƙiƙa 10 kowane ɓangare, a sauka a huta a sake. Ga rarrafe da hannuwa da yatsun ƙafa, gwiwoyi ba su taɓa ƙasa ba. Ga kuma koyon faɗuwa, haɓa a manne da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, wanda shi ma aikin wuya da ciki ne tare. Kowannensu motsi ne da ɗalibi zai yi a karawa bayan 'yan mintuna, kuma ya kamata ya tashi daga gare su yana jin jikinsa a ɗaure, numfashinsa a hannunsa.

Ban ce a haramta naɗe ciki ba. A jiu-jitsu wanda yake ƙasa yakan tashi zaune da sauri don ya kifar da na samansa, kuma yana bukatar ƙarfin yin hakan. Wurin atisaye mai nauyi shi ne ƙarshen aji, bayan an gama karawa, lokacin da gajiya ba za ta jawo wa kowa mummunar faɗuwa ba. Masu yin sa don tumbi kuma su sani cewa kitsen ciki ba ya narkewa don an motsa tsokar da ke ƙarƙashinsa. Abinci da motsin jiki gaba ɗaya ne ke rage shi. Wanda yake da ƙaba ko gwaiwa, da wadda ta haihu ko aka yi wa tiyata a ciki kwanan nan, su ga likita kafin su fara daure ciki da ƙarfi, haka ma duk wanda ya ji ciwon baya yana sauka masa zuwa ƙafa ya dakata nan take ya sanar da mai horarwa.