Shin Rana Ta Riga Ta Faɗi Minti 8 Kafin Mu Gani?

[Hoto: rana tana gangarowa a kan Kogin Kaduna, motoci suna tsallake gada.]

Akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp, wanda ke cewa ranar da muke gani tana faɗuwa da magariba ta riga ta faɗi tun minti 8 da suka wuce, har wasu suka fara tambaya ko an daɗe ana jinkirta buɗe-baki ba dalili. Saƙon ya faro da gaskiya, amma ya yi tuntuɓe a mataki guda.

Tsakaninmu da rana akwai kimanin kilomita miliyan 150, haske kuwa yana cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, don haka sai ya yi tafiyar minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso Tudun Wada. Hasken wata daƙiƙa ɗaya da 'yan kai yake ɗauka. Tun a 1676 masanin taurari ɗan ƙasar Denmark, Ole Romer, ya nuna cewa haske ma yana bukatar lokaci kafin ya isa inda za shi. Har zuwa nan babu gardama.

[Hoto: ƙwallon duniya yana juyawa a hankali, fitila tana tsaye gefe guda.]

Ku duba fitilar nan da ke matsayin rana, ba ta motsa ba. Faɗuwar rana ba wani abu ba ne da ke faruwa a can jikin rana, wanda sai an jira labarinsa ya iso. A nan ƙasa yake faruwa. Duniya ce take juyawa zuwa gabas, digiri 15 a kowace awa, har doronta ya shiga tsakanin idonka da hasken da ke kwararowa ba yankewa. Abin da ya tare hasken kuwa, wato gefen ƙasa inda muke ganin kamar sama ta sauka, bai wuce kilomita 5 daga mutumin da ke tsaye a fili ba, tazarar da haske ke ƙarewa kafin ƙiftawar ido ta ma fara.

Ruwan da ke zuba daga famfo ya baro matatarsa tun ɗazu, amma idan ka murɗa kan famfon nan take yake tsayawa, domin a hannunka aka yanke shi. Daɗewar da ruwan ya yi a bututu daban, lokacin da aka rufe famfo daban. Abin da ya tsufa da minti 8 shi ne kamannin ranar: da wata wuta za ta yi tsartuwa a jikinta yanzu, sai bayan minti 8 na'urorinmu za su gani. Lokacin faɗuwarta kuma bai jinkirta ba. A ganina, wanda ya fara rubuta saƙon ya haddace lissafi, sai dai ya ɗora shi a kan tambayar da ba tasa ba.

Akwai jinkiri na gaske, amma daga wani wuri yake zuwa. Iskar da ta lulluɓe duniya tana lanƙwasa haske, tana ɗaga hoton rana da kimanin rabin digiri, kusan daidai da faɗin ranar kanta. Saboda haka idan ka ga gindinta ya taɓa ƙasa, da babu iska da ta riga ta ɓuya. A Kaduna wannan yana ƙara wa yini kusan minti 2 da yamma, kuma masu lissafin faɗuwar rana sun daɗe da sanya shi a cikin jadawalinsu. Hukuncin azumi na malamai ne, ba zan shiga gonarsu ba.

[Hoto: filin wasa na Ahmadu Bello, mai tsaron gida yana doka ƙwallo daga nesa.]

Sauran jinkirin a cikin kanmu yake. Wanda ya zauna a ɗaya ƙarshen filin nan yakan ga an doka ƙwallo, sannan daga baya ya ji ƙarar, domin sauti mita 343 kawai yake ci a daƙiƙa. Amma idan abokinka ya tafa hannu a tazarar taku ashirin, gani da ji tare suke zo maka, alhali sautin ya makara. Ƙwaƙwalwa ce take ɗan dakatawa, ta tattara saƙon ido da na kunne da na fata, waɗanda ba tare suke isowa ba, sannan ta haɗa su ta miƙa maka a matsayin abu guda da ya faru yanzu. Idan tazarar ta haura kimanin mita 30, sai ɗinkin ya warware.

Wannan aikin yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Alƙalan tseren mita 100 ma da irin wannan ma'auni suke aiki: ɗan tseren da ya zabura kafin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya cika bayan ƙarar bindiga, ana ɗauka cewa bai jira ya ji ta ba, cinka ya yi, sai a fitar da shi daga gasar.