Batun Gidan Gem na Rigasa: Abin da Na Gano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaba, Malam limaminmu, Hajiya uwar ƙungiya, iyayenmu mata da ke can baya, yayye da ƙanne, 'yan Kaduna mazauna Landan da kewaye, barkanmu da haɗuwa. Waɗanda suka taso daga nesa cikin wannan ruwa, sannunku da ƙoƙari, Allah ya bar zumunci.

A zaman da ya wuce, da aka kawo shawarar mu haɗa kuɗi mu buɗe wa matasa gidan gem a Rigasa, ɗakin nan rabuwa ya yi gida biyu. Wasu suka ce sana'a ce, yara uku ko huɗu za su ci abinci. Hajiya kuwa ta ce ko sisinta ba zai shiga wurin da zai hana yara zuwa Islamiyya ba. Shugaba ya duba ya ga aikina ya shafi kwamfuta, ga shi kuma ina shirin zuwa gida, sai ya ɗora min kayan. Na je, na dawo.

Bari in fara tona wa kaina asiri, Hajiya ki yafe ni: ni ma ɗan gidan gem ne. A Tudun Wada, kusa da Poli, akwai wani shago mai benci biyu da talabijin mai doro, nan kuɗin tarata ya riƙa ƙarewa. PlayStation 2 ce, wasan ƙwallo ne, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ga na gaba. Idan faifai ya fara sarƙewa sai mai shago ya huro masa iska ya goge da gefen rigarsa. Faifan nan da ya saya a kasuwa nasa ne har ya tsage. Babu wanda zai zo daga Japan ya sake karɓar ko kwabo a hannunsa. Da yawanmu da muka goyi bayan shawarar nan, wancan shagon muke gani a ido. To wancan shagon ya tafi, kuma sai da aljihuna ya ji a jika kafin na yarda.

Bara, maiɗakina ta miƙo min takardar banki tana tambayar me na saya na fam 140 a cikin mako biyu. Fam huɗu, fam takwas, fam huɗu, a jere kamar tururuwa. Ashe yaron gidana ne, ɗan shekara 11. Na taɓa sa katina a na'urarsa na saya masa wani wasa, na manta ban cire ba. Da na zaunar da shi, ko gardama bai yi ba. Ya ce, "Abba, ai ba kuɗi ba ne, duwatsu ne." Da gaske yake. A cikin wasan ana mayar da fam ɗinka wasu duwatsu masu ƙyalli, da su kake sayen akwati a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Na ce ya buɗe ɗaya in gani. Akwatin ya girgiza, haske ya tashi, kiɗa ya hau, sannan aka fito masa da wata hula da yake da irinta uku. Ya kalle ni ya ce, "Na gaba zai fi."

Wannan maganar na taɓa jin ta, amma a bakin manya, a ƙofar shagunan caca na ƙwallo da suka cika gari. Ba ni da hurumin fatawa, ga Malam zaune, shi ya san abin da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ce kan caca. Ni dai abin da na sani shi ne ƙasar Beljiyam, tun 2018, hukumarta mai kula da caca ta yanke cewa wannan akwatin sa'a da ake saye da kuɗi caca ne, ta hana. A nan Birtaniya gwamnati ta yi dogon nazari, a 2022 ta ce ba za ta sa shi ƙarƙashin dokar caca ba, kamfanoni su tsare kansu. An ba kura ajiyar nama ke nan. A Amurka, cikin Disambar 2022, kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520: miliyan 275 tara ce kan tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba, miliyan 245 kuma ta mayar wa mutanen da aka tsara maɓallan wasan yadda za su saya ba da niyya ba. Kuɗin da kamfani zai iya biya na tara kawai, ku auna abin da ya shigo masa.

Sai batun mallaka. Yanzu ka sayi wasa da kuɗinka, amma ransa yana hannun kamfani. Ubisoft na Faransa ya kashe wasan tseren mota The Crew a ƙarshen Maris 2024, har wanda yake riƙe da faifai a hannu bai iya buɗe shi ba. Abin ya fusata mutane har aka tara sa hannu sama da miliyan 1 a 2025 ana neman Tarayyar Turai ta hana irin wannan. Mu da za mu zuba jarin ƙungiya, dole mu san cewa wani kayan da za mu saya aro ne.

Wasan ƙwallon da duk yaran Kaduna ke kira FIFA har gobe, tun 2023 sunansa EA Sports FC, bayan kamfanin EA ya raba gari da hukumar FIFA. A Satumbar 2025 aka sanar cewa asusun zuba jari na Saudiyya, da kamfanin Silver Lake, da kamfanin Jared Kushner surukin Trump, za su sayi EA ɗin gaba ɗaya kan dala biliyan 55, kuma kusan biliyan 20 a ciki bashi ne. Wani ɗan'uwa ya turo min labarin a WhatsApp da murna, wai wasa ya dawo hannun Musulmi. Na ce masa bashi ba ya salla. Wanda ya ci bashin biliyan 20 sai ya biya, kuma a ganina hanya mafi kusa ita ce fakitin 'yan wasa da ake sayar wa yaranmu a rufe.

Wanda ya ce harkar gem aiki ce mai tsoka ga 'ya'yanmu da ke karatu a nan, shi ma ya yi hattara. Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard, masu Call of Duty, kan kusan dala biliyan 69 a Oktoban 2023. Wata uku bayan nan ya sallami ma'aikata 1,900 daga ɓangaren wasanni. Sony ya bi baya da 900 a Fabrairun 2024. Kasuwa na cika, masu dafa abincin ana korarsu.

To mu koma Rigasa. Ɗan ƙanena ya kai ni wani gidan gem da ke ci yanzu, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Talabijin huɗu a bango, PlayStation 4 (PS4) uku, PS5 ɗaya wadda kuɗin zamanta ya fi, fanka tana juyawa da wutar sola. Mai shagon saurayi ne da ya gama difloma, mai hankali. Na zauna wajen awa biyu. Abin da ya fi ba ni mamaki, na'urorinsa ko ɗaya ba ta haɗe da intanet. Ya ce data za ta cinye shi, domin wani wasan ya haura gigabait 100, sai ya kai na'ura kasuwa a loda masa. Talauci ya yi masa katanga: babu katin banki, babu akwatin sa'a, babu baƙon da zai yi wa yaro magana daga wata ƙasa. Yara biyu ne a benci, suna ganin juna, suna yi wa juna tsiya, a tashi a tafi. Wallahi na fi samun natsuwa da wannan shagon a kan ɗakin yarona a nan Landan, inda ƙofa ke rufe, abin ji yana kunne. Iyaye mata, wadda ɗanta ke Roblox, dandalin wasan yara na intanet, ta leƙa ta ga da wa yake hira. Turkiyya ta toshe shi ɗungurungum a Agustan 2024 saboda tsaron yara.

Amma ban ce shagon Rigasa tsarkakakke ba ne. A gabana wasu samari suka ajiye dubu ɗaya ɗaya a ƙarƙashin hannun gem, wanda ya ci ya kwashe. Mai shago ya kau da kai. Na kuma ga yaro da rigar makaranta ƙarfe sha ɗaya na safe. Tsoron Hajiya yana da tushe, na gani da idona.

Don haka ra'ayina, mai girma shugaba, a buɗe, amma da sharaɗi a rubuce wanda mai riƙon shago zai sa wa hannu a gaban mai unguwa. Na'ura ba za ta hau intanet ba sai don sabunta wasa, kuma babu katin kowa a cikinta. Wanda aka kama da ajiye kuɗi a kan wasa, ya bar shagon. Ba a buɗe wa ɗan makaranta sai bayan la'asar, a rufe lokacin salla. Kuma ba sai mun sayi PS5 sabuwa ba. Na tabbata a gidajen da ke ɗakin nan akwai PS4 sama da biyar da ƙura ta rufe, kuɗin da za mu rage a zuba a sola da batir, don janareta zai cinye ribar.

Abu ɗaya na ƙara wanda ba ya cikin shawarar farko. A sa tebur a lungu da kwamfuta biyu, safiyar Asabar ta zama ta koyon haɗa wasa, akwai manhajar Godot da kyauta ake sauke ta. A Legas kamfanin Maliyo Games ya yi wa Disney wasan waya a 2024. Ban ce yaranmu za su kai can gobe ba, amma langa da dara da dambe suna nan ba wanda ya taɓa su da kyau, kuma ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da Poli ba za su rasa mai koyarwa ba in an biya shi kuɗin mota. Asabar biyu a wata ni zan riƙa shiga ta bidiyo, na ɗauki wannan.

Lissafin kuɗin yana hannun ma'aji, shafi biyu ne, za a raba kafin a ɗaga hannu. Wanda yake da na'urar da zai bayar ya rubuta suna wurin sakatare, a haɗo da hannun gem biyu da wayoyinta, kada a kawo mana gangar jiki kawai. Hajiya, na ga kina girgiza kai tun ɗazu, ga abin magana, bismilla.

Wassalamu alaikum.