Kowane shafi da nasa adireshin imel

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Sani da Bashir. Malam, an ce tun da ka kafa sabar imel taka ta kanka, wato kwamfutar da ke karɓa da aika maka saƙonni, ba ka ba shafuka biyu adireshi ɗaya.

Malam Sani: Haka ne. Akwatin saƙona ɗaya ne, amma duk shafin da zan yi rajista sai in ƙirƙira masa adireshin laƙabi, saƙon ya bi ta nan ya faɗo akwatina. Ranar da tallace-tallacen banza suka fara shigowa ta wani adireshi, na san wa ya sayar da shi ko wa aka yi wa kutse. Sai in goge shi, shi ke nan.

Bashir: Ai Gmail ma tana yin haka, Malam. Ka sa alamar tarawa (+) bayan sunanka, ka ƙara sunan shagon.

Malam Sani: Postfix, manhajar da ke tafiyar da sabata, ita ma tana yi, da saitin recipient_delimiter. Amma duba, sunanka na ainihi yana nan ɓaro-ɓaro kafin alamar. Mai tura tarkacen saƙo zai yanke abin da ke bayanta, ya same ka. Wasu shafukan ma ba sa karɓar alamar sam.

Hauwa: To ya kake yin naka?

Malam Sani: Ina buga umarnin openssl rand -hex 4, kwamfuta ta ba ni haruffa da lambobi 8 a hargitse. Haɗuwarsu ta haura biliyan 4, ba mai iya cinka. In buɗe fayil ɗin /etc/postfix/virtual, in rubuta sabon adireshin a hagu, na ainihin a dama, in buga umarnin postmap don Postfix ta ɗauki sauyin. Wanda ke amfani da mailcow, wata haɗaɗɗiyar manhajar sabar imel, ko wannan wahalar ba ya sha, akwai maɓallin da ke ƙirƙirar laƙabi, har da mai wa'adi da ke mutuwa da kansa.

Bashir: Me zai hana ka buɗe domen ɗin, wato sunan da ke bayan alamar @, ya karɓi duk adireshin da aka rubuto? Ba sai ka taɓa fayil ba.

Malam Sani: Kai, kar ka soma! Masu tura tarkace suna cinkar sunaye irin su info da admin da sales, duk su zubo maka. Kuma maimakon ka buɗe wanda kake so, sai ka koma bin kowanne kana toshewa.

Hauwa: Ni damuwata amsawa. Shago ya rubuto wa laƙabin, na danna amsa, ai adireshina na gaske zai fita.

Malam Sani: Nan mutane da yawa ke tona kansu. Dole ki ƙara laƙabin a manhajar da kike karanta imel, irin su Thunderbird ko Roundcube, a matsayin mai aikawa, sannan ki ba shi izini a saitin Postfix mai suna smtpd_sender_login_maps. Ki kuma ajiye wane laƙabi ne na wane shafi a cikin Bitwarden, manhajar adana kalmomin sirri, kusa da kalmar sirrin, don waɗannan lambobin ba su haddatuwa.

Bashir: Amma Malam, ina da ja. In kai kaɗai ke amfani da domen ɗin, duk laƙabin da ka ƙirƙira wutsiyarsa ɗaya ce. Wanda ya haɗa bayanan sata daga shafuka biyu zai gane mutum ɗaya ne.

Malam Sani: Ba ni da ta cewa, Bashir. Sabarka tana kare ka daga tarkace, tana nuna maka inda aka yi yoyo, amma ba ta ɓoye ko kai wane ne. Mai neman ɓuya gara ya shiga domen da dubban mutane ke amfani da shi, kamar na masu ba da laƙabi irin su SimpleLogin da kamfanin Proton ya saya a 2022, ko Hide My Email da Apple ta sa a iCloud+ a 2021. Sai dai kuma a can wasiƙunka na ratsawa ta hannun wani.

Hauwa: Banki fa, shi ma laƙabi?

Malam Sani: Laƙabi, amma ba mai wa'adi ba. In ya mutu, ta ina saƙon sauya kalmar sirri zai iso ki?

Hauwa: To, mako mai zuwa za mu shiga SPF da DKIM, hanyoyin tabbatar da asalin mai aika saƙo, da dalilin da ya sa Gmail ke jefa saƙon ƙananan sabobi cikin tarkace. Mu kwana nan.